Yadda ake tsara abincin mage mai kumburin hanji da shawo kan amanta

Tambayar da masu kiwon mage suka fi maimaitawa ita ce: likita ya ce hanjinta ne ya kumbura, to me za a ba ta ta ci, kuma yaya za a yi da aman nan da ya ƙi tsayawa? Ciwon da ake magana a kai shi ne wanda likitocin dabbobi ke taƙaita sunansa da IBD, wato kumburin bangon hanji mai naci da ke jawo amai ko zawo ko rama har fiye da mako uku. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma yana lafawa, mage ta yi shekaru tana ci tana wasa. Abin da ya fi ɓata aiki shi ne sauya abubuwa da yawa a lokaci guda, don haka a bi matakan nan a jere.

Kayan da za a tanada: sikelin kicin mai auna giram, sikelin auna magen, littafi da biro, faranti mai faɗi na tangaran ko silba, sirinji mai cin mililita 5 ba tare da allura ba, roba da yashi don bayan gida, da ɗaki ɗaya da za a iya rufewa.

1. Tabbatar da ciwon tukuna

Cututtuka da dama suna kama da wannan: tsutsar ciki, ciwon ƙoda, ciwon hanta, ciwon suga, kumburin fankiriyas (ƙullun ciki mai taimaka wa narkar da abinci), da yawan aikin ƙullun wuya da ake kira tayirod, wanda ya fi kama magen da ta haura shekara 8. Mafi ƙarancin abin da za a nema shi ne gwajin kashi, gwajin jini da na fitsari. In da hali a ƙara da sikanin na ciki da awon bitamin B12. Asibitocin koyarwa na dabbobi da ke jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri su ne wuraren da ya kamata a fara tambaya idan asibitin kusa ba shi da kayan aiki.

Ko da gwajin kashi bai nuna komai ba, likitoci kan ba da maganin tsutsa, galibi fenbendazole, miligiram 50 ga kowane kilo na nauyinta, sau ɗaya a rana har kwana 5. Shi ne mataki mafi araha a duk jerin nan, kuma bai kamata a tsallake shi ba.

Gargaɗi: akwai wani dajin hanji mai tafiyar hawainiya da ke kama tsofaffin maguna, alamunsa iri ɗaya ne da na kumburin hanji har a hoton sikanin. Ba a rabe su sai an yanko ɗan naman hanji an duba. Idan ana da niyyar yin wannan gwajin, kada a fara prednisolone, maganin rage kumburi, kafin a yi shi, domin maganin yana ɓoye abin da ake nema.

2. Buɗe littafi, auna nauyi

Kafin a taɓa abincinta, a yi mako ɗaya ana rubuta abin da ta ci da yawansa, ƙarfe nawa ta yi amai, mintuna nawa bayan cin abinci, da kamannin aman da na kashinta. A auna ta sau ɗaya a mako, da safe kafin ta ci, a kan sikeli ɗaya. Idan babu sikelin jarirai, a sa ta cikin kwando a auna, sannan a cire nauyin kwandon. Giram 200 ba ya ɗaukar ido, amma a jikin mage mai kilo 4 kashi 5 cikin ɗari ne na nauyinta, kuma ya isa a kira likita.

3. Gane irin aman

Ba duk abin da ya fito daga bakinta ne amai ba. Amai na gaskiya yana zuwa da tashin zuciya: tana lasar leɓe, miyau na dalala, cikinta na motsi da ƙarfi tana kakari. Tumbuɗi kuwa babu yunƙuri, abinci ne ke dawowa yadda ya shiga jim kaɗan bayan ta ci, sau da yawa a mulmule kamar yatsa. Tumbuɗi ya fi alaƙa da cin abinci da gaggawa ko matsalar maƙoshi, kuma gyaransa daban.

Ruwa mai ɗorawa ko farin kumfa da asuba yana nuna cikin ya daɗe babu komai. Curin gashi kuwa mutane sun saba ɗaukarsa a matsayin ɗabi'ar mage, amma idan yana fitowa fiye da sau ɗaya ko biyu a wata, musamman a mage mai gajeren gashi, alama ce hanji ba ya tura abu yadda ya kamata. A rubuta shi a littafi a matsayin amai.

4. Zaɓi abinci ɗaya

Nan ne gundarin aikin. A wani bincike da aka yi a Niyuzilan aka wallafa a 2001, kusan rabin magunan da ke fama da daɗaɗɗen amai ko zawo sun samu sauƙi da sauya abinci kawai, da yawansu cikin kwanaki kaɗan. Abubuwan da suka fi tayar wa mage da hanji su ne naman sa, kifi, kaza da madara, wato dai abin da ake ba ta kullum a gidajenmu.

Hanya ta farko ita ce abincin kanti na asibiti wanda aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana har garkuwar jiki ta kasa gane shi. Irinsu akwai Royal Canin Hypoallergenic, Hill's z/d da Purina HA, kuma a tabbatar na mage ne, ba na kare ba. Amfaninsa shi ne cikakken abinci ne, ana iya dogara da shi har abada. Matsalarsa tsada, domin daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, kuma yana iya yankewa a kasuwa. Kafin a saya a yi lissafi: mage mai kilo 4 tana cin kamar giram 55 na busasshe a rana, don haka buhu mai kilo 2 zai kai ta kwana 36. A raba kuɗin buhun gida 36, sai a ga ko aljihu zai ɗauka wata da watanni. Fara shi a daina bayan buhu ɗaya asarar kuɗi ce.

Hanya ta biyu ita ce naman da ba ta taɓa ci ba. A zauna a lissafa duk naman da ya taɓa shiga bakinta, har ragowar tuwo da miya da abin da aka rubuta a bayan gwangwanin da ake saya mata. Abin da ba ya cikin jerin shi ne za a zaɓa: zomo, akuya, ko raƙumi inda ake yanka shi. Zabo, talotalo da agwagwa 'yan uwan kaza ne, magen da kaza ke damunta tana iya ƙin su, don haka a bar su sai an rasa wani. Haka rago da akuya suna da kusanci da sa, saboda haka idan naman sa ake zargi, zomo ya fi.

Dahuwar ba ta da wuya. A cire ƙashi da kitsen da ya yi yawa, a dafa da ruwa zalla har ya nuna, a daddatsa ƙanana, a haɗa da romonsa. Kada a zubar da romon, domin taurine, sinadarin da zuciya da idon mage ba sa yi sai da shi, yana narkewa ya bi ruwa. A raba shi kashi-kashi na kwana ɗaya a sa a firiza.

Gargaɗi: babu gishiri, babu dunƙulen magi, babu yaji, babu mai. Albasa da tafarnuwa guba ne ga mage, ɗanye ko dafaffe, suna fasa mata ƙwayoyin jini. Kada a niƙa naman a injin kasuwa da aka niƙa na sa, kuma a wanke shi sosai a gida tunda wuƙa ɗaya da katako ɗaya mahauci ke aiki da su. Ɗanyen nama ba na magen da hanjinta ke ciwo ba ne, balle wadda za ta sha maganin da ke rage garkuwar jiki.

Gargaɗi na biyu: nama zalla abincin gwaji ne na mako 3 zuwa 4, ba na zama ba. Ba shi da isasshen kalsiyam, kuma naman zomo ba shi da taurine mai yawa. Ƙarancin taurine yana makantar da mage, yana kuma raunana zuciyarta. Idan naman ya karɓe ta, dole likita ya tsara abin da za a ƙara. 'Yar magen da ba ta gama girma ba da mai ciki ba a yi musu wannan gwajin da nama zalla.

5. Lissafa yawan abincin

Mage mai kilo 3 tana buƙatar kalori kamar 160 a rana ko da kwance take, mai kilo 4 kamar 200, mai kilo 5 kamar 235. Wadda ta rame a ƙara mata kashi ɗaya cikin biyar a hankali, kuma a yi lissafin da nauyin da ake so ta koma. Dafaffen naman akuya marar kitse yana da kalori kusan 140 a giram 100, don haka mai kilo 4 za ta ci giram 140 zuwa 150 a rana. Na zomo ya fi ƙarfi, giram 100 zuwa 120 ya isa. Busasshen abincin kanti ana rubuta kalorinsa a jikin buhu. A auna da sikeli, awo da kofi ko da hannu yana yaudara.

6. Sauya a hankali

Kwana 1 da 2: kashi ɗaya sabo, uku tsoho. Kwana 3 da 4: rabi da rabi. Kwana 5 da 6: uku sabo, ɗaya tsoho. Kwana na 7 sabo zalla. Idan amai ya ƙaru a wani mataki, a koma na baya a tsaya kwana biyu. Wasu maguna ba sa son haɗi, sai a ajiye musu faranti biyu gefe da gefe ana rage tsohon.

Gargaɗi: kada a gabatar da sabon abinci a ranar da zuciyarta ke tashi. Mage tana haɗa warin abinci da ciwon da ta ji, ta tsane shi har tsawon watanni, kuma shi ke nan an rasa abincin da aka kashe kuɗi a kai. A fara shawo kan tashin zuciyar da magani, sannan a kawo sabon.

7. Rufe duk wata ƙofa

Gwajin abinci ya fi lalacewa a nan fiye da ko'ina. Ranar da aka koma sabo zalla ita ce ranar farko ta ƙidaya, kuma daga nan ba abin da zai shiga bakinta sai shi da ruwa. Loma ɗaya ta kifin gwangwani, ragowar madarar yara, ƙashin kaza daga bola, duk suna mayar da ƙidaya baya. Magen da ke yawo tana kama ƙadangare da ɓera, tana leƙa kicin ɗin maƙwabta, don haka dole ta zauna a ɗaki tsawon gwajin, da robar yashi, da wurin ɓuya, da taga mai raga. A yi wa yara da masu aiki bayani dalla-dalla, tausayi ne ke sa su miƙa mata abu a ɓoye. Idan maguna biyu ne a gidan, ko a raba musu ɗakin ci, ko duka su koma sabon abincin.

Akwai ƙofofin da ba a cika lura da su ba: maganin da aka ɗanɗana da nama, man kifi, man fitar da curin gashi, da wasu garin gyaran ciki irin su FortiFlora da ke ɗauke da ɗanɗanon nama. A nuna wa likita kowanne kafin a ci gaba da shi. Ƙwayar magani a cusa ta cikin sabon naman, ba cikin sadin ba.

8. Ƙanana, sau da yawa

A raba abincin yini gida 4 zuwa 6. Kashi na ƙarshe ya zama dab da kwanciya, na farko da sassafe, wannan kaɗai yakan tsayar da aman asuba mai ɗorawa. Mai haɗama a baza mata abincin a faranti mai faɗi ko tire don ta riƙa tsinta ɗaya-ɗaya, kuma a ɗan ɗaga farantin daga ƙasa idan tumbuɗi take yi. A ɗumama jiƙaƙƙen abinci ya yi ɗumin jiki, ƙamshinsa ya fi tashi. A taje mata gashi kullum.

Ruwa kuwa, tana buƙatar kamar mililita 50 ga kowane kilo a rana, har da wanda ke cikin abinci. A ajiye kwano biyu nesa da robar yashi, a sauya ruwan safe da yamma.

Gargaɗi: a zafin bazara jiƙaƙƙen abinci ba ya wuce minti 30 a waje, abin da ta rage a zubar. Idan wuta ta ɗauke nama ya narke a firiza ya yi ɗumi, kada a sake daskarar da shi. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a dafa na kwana ɗaya-ɗaya ko a zaɓi busasshen abinci. Shi ma a bar shi a buhunsa, a naɗe baki, a sa a bokiti mai murfi a inuwa, a cinye cikin mako 6 da buɗewa, domin kitsensa yana lalacewa da zafi.

9. Idan ta yi amai

Amai ɗaya, tana nan da kuzarinta: a ɗauke abinci awa 2 zuwa 4, a bar mata ruwa kaɗan. Sai a ba ta cokalin shayi ɗaya ko biyu na abincin gwajin. Idan ya zauna awa ɗaya a ƙara, a koma cikakken kaso washegari. Kada a koma shinkafa da kaza da sunan abinci mai sauƙi, wannan ya rushe gwajin.

Gargaɗi: ba a sa mage azumi. Idan ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yana taruwa a hantarta, kuma wannan ciwon yana kisa fiye da wanda ake jinya. Dabarar bar ta da yunwa za ta ci dole ba ta aiki a kan mage. Idan awa 24 ta cika ba ta taɓa abinci ba, a kira likita. Idan sabon ne kawai ta ƙi, a ba ta tsohon ta ci, a sake shiri daga baya. Ɗura da ƙarfi ma yana ƙara mata ƙiyayyar abinci kuma tana iya shaƙewa.

A kai ta asibiti a ranar idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: amai sau uku ko fiye a yini, ko ruwa ma ba ya zama, jini a amai ko wani abu kamar garin kofi, kashi baƙi kamar kwalta, ido, dasashi ko cikin kunne sun yi ɗorawa irin na shawara, dasashi ya bushe yana danƙo, ko fatar wuya ta ƙi komawa da sauri idan an ja ta, ta lafe a lungu ba ta son a taɓa cikinta. Idan aka ga zare a ƙarƙashin harshe ko yana leƙowa ta dubura, kada a ja, yana iya yanka hanji. Muzurun da ke amai yana kuma yunƙurin fitsari ba ya fita, hanyar fitsarinsa ce ta toshe, ba a kwana da shi a gida.

10. Magunguna

Adadin da ke nan don a gane takardar likita ne, shi zai yanke abin da ya dace da nauyinta da ƙodarta. Maganin amai da aka fi amfani da shi shi ne maropitant, wanda ake sayarwa da sunan Cerenia, miligiram 1 ga kowane kilo sau ɗaya a rana. Inda babu shi akan ba da ondansetron. Mirtazapine yana buɗe ci, amma kaɗan ake ba mage, ƙasa da miligiram 2, kuma idan ya yi yawa takan kama kuka da rawar jiki.

Bitamin B12 a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotse shi, don haka yakan yi ƙasa a wannan ciwon, kuma magen da ba ta da shi ba ta jin sauran magani sosai. Tsarin da aka saba shi ne maikirogiram 250 a allurar ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako har mako 6, sannan a ƙara ɗaya bayan wata guda. Yana da araha, kuma sau da yawa shi ne ke dawo da ci.

Idan abinci kaɗai bai isa ba, sai prednisolone, galibi miligiram 1 zuwa 2 ga kowane kilo a rana, a riƙa ragewa duk mako 2 zuwa 4 har a kai mafi ƙarancin da ke riƙe ta. A duba kwalin da kyau: prednisolone, ba prednisone ba, domin jikin mage ba ya sarrafa na biyun sosai. Ba a yanke shi farat ɗaya don an ga sauƙi. Idan ta fara shan ruwa da fitsari fiye da kima, a gwada sukari, domin maganin yana iya jawo ciwon suga. Wadda bai yi wa aiki ba likita kan ƙara mata chlorambucil, wanda ake ba da shi da safar hannu, ba a fasa ƙwayarsa, kada mace mai juna biyu ta taɓa shi, kuma sai ana gwajin jini.

Bayan kowace ƙwaya a bi ta da ruwa mililita 3 zuwa 5 ta gefen baki da sirinji, a hankali. Busasshiyar ƙwaya tana maƙalewa a maƙoshin mage ta ƙone wurin.

Gargaɗi: farasitamol yana kashe mage, ko da ƙwaya ɗaya ce. Haka ibuprofen da diclofenac suna huda ciki su lalata ƙoda, musamman idan an haɗa da prednisolone. Maganin zawo na mutane da jiƙe-jiƙen gargajiya ba nata ba ne. Flagyl da ake saya a kemis a ba ta duk lokacin da ta yi zawo yana hargitsa ƙwayoyin hanji masu amfani, kuma idan ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, a ga tana tangaɗi.

11. Yanke hukunci

Bayan mako 2 a kan sabon abinci zalla, a buɗe littafi a kwatanta da makon farko. Idan amai ya ragu da rabi ko fiye, nauyi ya tsaya ko ya hau, a ci gaba da shi (idan nama ne, tare da ƙarin da likita ya tsara) aƙalla mako 12 kafin a yi tunanin taɓa komai. Idan babu canji kuma an tabbata ba ta saci komai ba, a gwada ɗaya hanyar: mai cin sabon nama ta koma na kanti, mai cin na kanti ta koma sabon nama. Magen da ke ramewa da sauri ba a jira mata gwaji na biyu, a koma wa likita kan batun sikanin, yanko ɗan naman hanji da prednisolone.

Ko bayan an samu sauƙi ciwon yakan motsa lokaci-lokaci. Kafin a ƙara magani a bincika kwana uku da suka wuce: ta fita waje, an buɗe sabon buhu, an rage prednisolone, an yi baƙi ko hayaniyar biki, an kawo wata dabba? A gyara abu ɗaya, a ba shi mako ɗaya, a rubuta. A kuma ajiye abincin da zai kai mako 2 a gefe kullum, a sayi sabon buhu tun tsohon yana da kashi ɗaya cikin uku, sannan a gauraya ƙarshen tsohon da farkon sabon na kwana uku ko da sunansu ɗaya.